Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Wanda Ya Lalata Yaro

Shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai, malamai da limaman coci, iyayenmu mata, ma'aikatan asibiti da na shari'a, da sauran jama'a da suka taho daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya da Godogodo, mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta mas'ala ce mai nauyi a baki, mai ɗaci a kunne, wadda a al'adarmu dattijo ba ya son ambatonta a gaban 'ya'yansa. Amma tun da yake shirun da muka daɗe muna yi bai hana ɓarnar aukuwa ba, bal ma ƙara mata ƙarfi ya yi, to, ba makawa sai an faɗe ta a fili.

Mas'alar kuwa ita ce: idan kotu ta kama mutum da laifin yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, ta yanke masa hukunci, sa'an nan aka ji ya ɗaukaka ƙara, mene ne ma'anar wannan, kuma don me doka ta bar masa wannan ƙofa a buɗe? Na san abin da ake faɗa a bakin tasha da majalisun hira in irin wannan labari ya iso. A ce kuɗi ya yi aiki, a ce lauyoyi sun juya magana, a ce talaka ba shi da shari'a. Uwar da ta yi shekara da shekaru tana kai da komowa tsakanin ƙauyensu da Babbar Kotu ta Kafanchan, tana sayar da 'yar dawarta tana biyan kuɗin mota, har Allah Ya nuna mata ranar hukunci, in aka zo aka ce mata an mai da magana Kaduna, ba wanda ya isa ya ce mata kada ranta ya ɓaci, ni ma ba zan ce mata haka ba. Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, ɗaukaka ƙara ba abokin gābar yarinyar nan ba ne, kuma hukuncin da ya rushe a Kaduna ko a Abuja, galibi ba a can aka rushe shi ba. Tun a nan gida aka kafa shi a karkace, cikin kwana ukun farko, a ɗakin da aka taru ana cewa a rufa asiri, da teburin ɗan sanda, da gadon asibitin da ba a kai yarinyar ba sai da mako ya zagayo.

Mu fara da dokar kanta, domin da yawanmu sun ji labarinta a rediyo, ba su san iyakarta ba. Tsohuwar dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda iyayenmu suke kira Fenal Kod, wadda aka tsara bayan shawarar kwamitin masana na 1958 a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, ta kuma fara aiki a 1960, ta bar wa alƙali wuƙa da nama wajen ƙayyade shekarun ɗaurin mai fyaɗe, har ya zama ana samun wanda ya lalata 'yar ƙanƙanuwar yarinya a ɗaure shi 'yan shekaru kaɗan, abin da alƙalan Kotun Ƙoli da kansu suka sha nuna takaicinsu a kai. A 2017 Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokarta, wadda ta kai hukuncin yi wa yaro fyaɗe zuwa ɗaurin rai da rai. Sa'an nan a 2020, shekarar kullen korona, da ƙasa ta ɗauki zafi saboda yawaitar labaran fyaɗe da kisa, har gwamnoni suka yi shelar ta-ɓaci a kan al'amarin a watan Yuni, sai Majalisar Dokokin Kaduna ta yi wa sashe na 258 gyara, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a watan Satumba. Tun daga nan, namijin da aka kama da laifin yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa a hannun likita, sa'an nan kisa. Mace kuwa a cire mata hanyoyin da ƙwan haihuwa yake bi, sa'an nan kisa. In wanda aka zalunta ya haura shekara 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Dokar ta kuma ƙara wani sharaɗi guda wanda mutane ba su cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne jigon maganarmu ta yau: in yaron bai kai shekara 14 ba, wajibi ne a sami rahoton likita da zai ƙarfafa tuhumar.

To, duk mai hankali zai ga cewa gwargwadon tsananin uƙuba, gwargwadon tsananin binciken da ya wajaba kafin a zartar da ita. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa wata rana a ba shi haƙuri. Wanda aka dandaƙe ko aka rataye, ba abin da za a mayar masa. Don haka ne Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 241, ya ba duk wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukunci haƙƙin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ba tare da ya nemi iznin kowa ba, sashe na 233 kuma ya ba wanda aka tabbatar wa hukuncin kisa haƙƙin wucewa Kotun Ƙoli. Muddin kuwa ƙararsa tana gaban kotu, haram ne a taɓa shi. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan gwamnatin Jihar Oyo, wadda ta kashe wani fursuna mai suna Nasiru Bello tun ba a saurari ƙarar da ya ɗaukaka ba, ta ce wannan kisa ne ba bisa doka ba, ta kuma sa a biya iyalinsa diyya.

Kada wani ya zaci sake duba hukunci bidi'a ce da Turawa suka kawo mana. A wasiƙar nan mashahuriya da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan ladubban alƙalanci, ya hore shi da kada ya ƙi warware abin da ya yanke a baya in ya sake tunani gaskiya ta bayyana masa. Malaman Malikiyya, irin su Imamu Ƙarafi, sun ƙididdige wuraren da ake warware hukuncin alƙali: in ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi mabayyani, ko ƙa'idojin shari'a. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu a kan gonar da tumaki suka yi wa ɓarna da dare, inda aka fahimtar da ɗan abin da ya fi dacewa ba tare da an rage wa uban daraja ba. 'Yan'uwanmu Kirista sun san yadda Manzo Bulus, da ya ga ba zai sami adalci a hannun gwamna Festus ba, ya nemi a kai maganarsa gaban Kaisar. Mu duka kuma, masallaci da coci, mun haɗu a kan Yusufu, wanda ya yi shekaru a kurkuku saboda ƙazafi. Amma ban ambaci Yusufu domin in ce yara maƙaryata ne ba. Haƙiƙa 'yar shekara bakwai ba ta san waɗannan abubuwa ba, balle ta ƙago su, kuma yaron da aka cuta ya yi shiru ya fi yaron da ya yi ƙarya yawa nesa ba kusa ba. Kuskuren da ake tsoro daga manya yake fitowa: ɗan sanda ya kama wanda ya fi sauƙin kamu, ko mai tsohuwar gāba a kan gona ya nuna maƙwabcinsa, sai a tsare marar laifi, shi kuwa mai laifin yana nan cikin unguwa yana kallon wasu yara.

Yanzu bari mu bi hanyar da magana take bi, daki-daki. Daga ofishin 'yan sanda sai kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yin wannan shari'a, iyakarta ta sa a tsare wanda ake tuhuma a gidan yari, a aika da takardun bincike Ma'aikatar Shari'a ta Jiha domin lauyoyin gwamnati su duba ko akwai abin kamawa; in akwai, sai a gurfanar da shi a Babbar Kotu, inda alƙali zai ga shaidu da idonsa, ya ji su da kunnensa, ya rubuta. In an yanke hukunci, wanda aka yanke wa yana da kwana 90 ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, ya zayyana wuraren da yake ganin alƙali ya yi kure. In ya makara, sai ya roƙi a ƙara masa lokaci, ya kuma kawo uzuri karɓaɓɓe. Daga nan magatakardan kotu zai haɗa kundin shari'a, watau kwafin duk abin da aka faɗa aka rubuta da duk takardun da aka karɓa, a aika da shi Kaduna, inda alƙalai uku za su zauna a kansa. Wanda bai gamsu da nan ba yana da kwana 30 ya nufi Kotun Ƙoli a Abuja, gaban alƙalai biyar. A duk tsawon wannan lokaci, ku riƙe wannan da kyau, ba a saki mutumin ba. Kafin hukunci doka tana ɗaukarsa marar laifi. Bayan hukunci mai laifi ne har sai wata kotu ta ce a'a, kuma ba a ba shi beli sai da wani dalili na musamman.

Abin da ya fi kome muhimmanci a nan shi ne, alƙalan Kaduna ba sabuwar shari'a suke yi ba. Ba za su ga yarinyar ba, ba za su ji rawar muryarta ba, ba za su kira likita ko mai unguwa ba, kuma ba a kawo musu sabuwar shaida sai a nadiri. Takarda kawai suke karantawa, da hujjojin da lauyoyin ɓangare biyu suka rubuto. Kundin nan kamar buhun citta ne da aka ɗinke bakinsa a Kwoi: abin da aka zuba kafin ɗinki shi mai saye zai tarar, ba ƙari. Ba kuma kowane kure ne yake rushe hukunci ba, sai wanda ya kai ga tauye adalci. Kuma in kotuna biyu na ƙasa suka haɗu a kan cewa abu ya faru, Kotun Ƙoli ba ta cika taɓawa ba. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: waɗanne abubuwa ne ake mantawa ba a zuba a kundin nan ba?

Na farkonsu, kuma mafi girmansu, shi ne shaidar yaron da abin da zai tallafe ta. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 209, ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, amma ana jin bakinsa in alƙali ya gamsu cewa yana da wayon da za a saurare shi, kuma ya san wajibcin faɗin gaskiya. Wajibi ne kuma wannan gamsuwa ta bayyana a rubuce, domin sau da yawa lauyan mai ɗaukaka ƙara nan yake fara dubawa. Sa'an nan dokar ta ce ba a kama mutum da laifi bisa irin wannan shaida ita kaɗai, sai an sami wata hujja ta daban wadda ta ƙarfafe ta, ta kuma nuna cewa wanda ake tuhumar ne ya aikata. Ku lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Rahoton likita yana iya tabbatar da cewa an ji wa yarinya ciwo, amma sau da yawa ba ya iya faɗin wanda ya ji mata. Sai a nemi wanda ya ga an shiga da ita ɗaki, ko wanda ya ji kukanta ya tarar da su, ko tufafin da ke jikinta, ko abin da aka ba ta don ta yi shiru, ko cutar da aka samu a jikinsu su biyu. Waɗannan su ne fuƙaha'u suke kira ƙarina, kuma rigar Yusufu da aka yage ta baya ita ce asalin hujjarsu a kan aiki da ita.

Duk waɗannan abubuwa kuwa masu saurin gushewa ne. Ciwo yana warkewa, ana wanke zane, shaidu suna watsewa, magana tana sauyawa a baki. Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya karɓi shaidar yara a tsakaninsu a kan raunukan da suke yi wa juna, amma da sharaɗin a ji bakinsu tun ba su watse ba, tun wani babba bai shiga tsakani ya koya musu magana ba. Ko da yake ya taƙaita hukuncin ga wannan babi, hikimar da ke ciki ta game kowane zamani: bakin yaro a ranar farko shi ne mafi tsarki, kowace rana da ta wuce kuma, da kowane babba da ya zaunar da shi ya yi ta tambaya, ƙofa ce da ake buɗe wa lauya ya ce an koya masa. A nan Kafanchan, a Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa, akwai cibiyar Salama, ɗaya daga cikin irinta da jiha ta kafa a Kakuri da Tudun Wada da Zariya, inda ake duba wanda aka yi wa fyaɗe kyauta, a yi masa magani, a rarrashe shi, a kuma rubuta rahoton da kotu take bukata. Maganin riga-kafin ƙanjamau ba ya amfani sai an fara shi cikin sa'a 72. Ko ba domin shari'a ba, wannan kaɗai ya isa ya sa a kama hanyar asibiti a ranar, kafin wanka, kafin taron dangi.

Na biyu shi ne iƙirari. 'Yan sandanmu sun dogara da shi ƙwarai, domin shi ne ya fi sauƙi; amma iƙirarin da aka samu da duka ko barazana, sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓarsa, kuma in wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, sai an tsaya an yi wata ƙaramar shari'a a cikin shari'a a kan wannan kaɗai. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce a ɗauki iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya, Kotun Ƙoli kuma ta yanke cewa wannan wajibi ne, ba mustahabbi ba. Akwai kuma wata illa da ta fi shafarmu mu mutanen wannan yanki, inda Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Kaninkon da Fulani da Hausawa suke zaune wuri ɗaya, kowa da harshen uwarsa, Hausa ta haɗa su a kasuwa, alhali kotu da Turanci take rubutu. Mutum ya yi bayani da Jju, wani ya mayar da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a ba shi ya dangwala yatsa. Kotuna sun sha faɗa cewa in an yi amfani da tafinta wajen ɗaukar bayani, sai an kira tafintan nan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Haka nan in ba a karanta wa mutum tuhuma an fassara masa ita da harshen da yake ji ba, dukan shari'ar tana iya zama ɓatacciya, ko da shaidu goma sun gan shi.

Na uku ƙarami ne a ido, amma rai ya rataya a kansa: shekarun yarinyar. Tsakanin 13 da 15 akwai bambancin kisa da ɗauri. Yara nawa ne a ƙauyukanmu suke da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya? In babu ita, a nemo katin awo na asibiti, ko katin baftisma, ko rajistar makaranta, uwa kuma ta zo ta ba da shaida da bakinta. Ranar da abin ya faru ma sai an tabbatar da ita, domin sashe na 36 na Tsarin Mulki ya hana a ɗora wa mutum uƙubar da ta fi wadda take aiki a ranar da ya yi laifin. Abin da ya auku kafin Satumban 2020 ba a yi masa hukuncin dandaƙa.

Bari in kawo muku shari'u biyu da suka faru, domin ku ga yadda waɗannan ƙa'idoji suke aiki a zahiri. A watan Yulin 2022 wata kotu a Ikeja ta kama ɗan wasan fim ɗin Yarbawa nan da aka fi sani da Baba Ijesha da laifin cin zarafin wata yarinya, a kan abubuwan da aka ce sun faru a 2013 zuwa 2014, da kuma wanda ya faru a watan Afrilun 2021. Ya ɗaukaka ƙara. A watan Yunin 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Legas ta soke hukuncin da ya shafi tsofaffin shekarun, domin abin da mariƙiyar yarinyar ta faɗa a kansu ji ta yi, ba gani ba. Amma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a kan na 2021, domin a nan akwai ganau, akwai kuma iƙirarinsa. Mutum ɗaya, yarinya ɗaya, alƙalai ɗaya, rana ɗaya: abin da aka kama da ɗuminsa ya tsaya, abin da ya shekara bakwai a ɓoye ya faɗi.

Ta biyu ta fi kusa da mu. A 2002 wata kotun Shari'ar Musulunci a Jigawa ta yanke wa wani mutumin ƙauyen Baranda hukuncin jifa bisa iƙirarinsa cewa ya yi wa 'yar shekara tara fyaɗe, ba tare da yana da lauya ba. A watan Agustan 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse ta soke hukuncin, ta karɓi hujjar cewa yana da taɓin hankali, ta sa a kai shi asibitin mahaukata. Wannan daidai ne a fiƙihu, domin mahaukaci ba mukallafi ba ne, kuma haddi ba ya tsayawa tare da shubuha. Amma da kotun farko ta sa likita ya duba shi, da ba a yi shekara guda ana gaya wa iyayen yarinyar abu ɗaya, sa'an nan a dawo a gaya musu wani ba.

Yanzu sai in juyo gare ku, iyayena sarakuna da malamai da limamai, da dukan ladabin da ya kamace ku. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na aure da na bashi, kuma wannan yanki, da ya ɗanɗana ɗacin rikice-rikice tun 1987, ya san darajar masu sasanta mutane. Amma lalata yaro ba ya cikin abin da ake sasantawa. Ba haƙƙin uba ba ne balle ya yafe shi a kan buhun masara da kuɗin magani. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya ɗauki ƙwace mutuncin mace da ƙarfi a matsayin hiraba, yana ganinsa ya fi fashin dukiya muni. Abin da yakan faru shi ne a yi mako biyu ana zaman sulhu, a ce a bar wa Allah, a ce wa zai aure ta in an ji, sai sulhun ya watse a kan kuɗi, sa'an nan a tafi wurin 'yan sanda, alhali ciwo ya warke, zane ya sha wanki, kuma lauyan mai laifi ya sami abin da zai riƙe har Abuja: cewa don an ƙi biyansu ne suka kai ƙara. Haka kuma matasan da sukan yi wa wanda aka kama dukan kawo wuƙa har ya amsa laifi a gaban wayoyinsu, su sani taimakonsa suka yi, domin sun ɓata iƙirarin.

Game da tsananin hukuncin kansa, ba zan ɓoye muku ra'ayina ba. Na fahimci fushin da ya haife shi, ina ma cikin masu fushin. Amma masu wannan aiki a ko'ina sun tabbatar da cewa galibin masu lalata yara ba baƙi ba ne: kawu ne, ko maƙwabci, ko mijin uwa, ko malami, ko mai shagon bakin layi. Uwar da za ta iya daurewa ta kai ƙanen mijinta a ɗaure shi, anya za ta iya kai shi a rataye shi, ta ci gaba da zama a gidan? Ina tsoron kada tsananin ya ƙara yawan masu rufa asiri, ya kuma sa alƙali ya riƙa neman kowace 'yar kafa ta sallama domin gudun ɗaukar rai. A ganina, ɗaurin da mai laifi ya tabbata zai same shi ya fi tsoratarwa bisa kisan da yake kyautata zaton zai kuɓuce masa. Akwai kuma sashe na 34 na Tsarin Mulki, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a 1998, a shari'ar Onuoha Kalu, cewa hukuncin kisa bai saɓa wa Tsarin Mulki ba. Amma dandaƙa mas'ala ce dabam, wadda Michelle Bachelet, shugabar hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta yi suka a kanta tun a watan Oktoban 2020, kuma duk lauyan da ya san aikinsa zai ɗauki wannan hujja ya kai ta gaba. Kowace irin wannan muhawara kuwa ƙarin shekaru ce a kan yarinyar da take jira.

Ita ce kuma wadda aka fi mantawa da ita da zarar kundi ya bar Kafanchan. A doka, shari'ar tsakanin gwamnati ce da mai laifi. Yarinyar shaida ce kawai. Iyayenta ba su da ikon ɗaukaka ƙara da kansu in an sallami mutumin ko an sassauta masa, wannan yana hannun Antoni Janar na jiha. Mai laifi, in ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da aka kafa tun 1976, kuma a laifin kisa wajibi ne kotu ta samar masa lauya, haka kuwa ya dace. Amma iyayen yarinyar sau da yawa ba mai gaya musu an ɗaukaka ƙara, ba mai gaya musu ranar zama, sai dai su ji a gari. Mafi tsanani kuma shi ne in kotun sama ta ce a sake shari'a daga farko saboda wani kure na tsari: sai a nemo yarinyar da aka cuta tana 'yar shekara tara, yanzu ta zama budurwa, watakila an kai ta wani gari don a raba ta da tsegumi, a ce ta sake tsayawa ta faɗi abin da ta yi shekaru tana ƙoƙarin mantawa, alhali likitan ya koma wata jiha, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki.

Saboda haka ina roƙon Ma'aikatar Shari'a ta ɗora wa wani jami'i takamaimai alhakin sanar da iyaye duk matakin da ƙara ta kai, da harshen da suke ji. Lauyoyinta kuma su shigar da amsarsu a Kaduna cikin lokaci, domin hukunci mai kyau yana iya raunana in ba a tsaya an kāre shi ba. Ina roƙon alƙalai su yi aiki da damar da sashe na 36 ya ba su ta fitar da 'yan kallo in ɗan ƙasa da shekara 18 zai ba da shaida. Ina roƙon reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Kafanchan da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su riƙa ba iyalai lauya mai sa ido, wanda ko da ba shi yake gabatar da ƙara ba, zai bi sawunta har inda ta tsaya. Kai kuma uba, ke kuma uwa, ranar da aka yanke hukunci kada ku bar harabar kotu sai kun rubuta lambar ƙarar da sunan lauyan gwamnatin da ya riƙe ta, kun adana kwafin rahoton likita da takardar shekarun yarinyar a wuri guda, bayan wata uku kuma ku koma wurin magatakardan kotu ku tambaya ko an shigar da takardar ɗaukaka ƙara.

Shugaba, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.